An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Maganar Ruwan Jakara



Mun gaji da jin wata magana da manya suka saba yi duk lokacin da rani ya tsaya, ko kuwa amai da gudawa suka ɓulla a gari. Wai 'yan lambun Jakara su ne masu laifi, wai su ke shayar da salak da alayyahu ruwan ƙazanta, wai ya kamata a hana su, jama'a kuma su daina sayen kayansu. To, jama'a, mu tambaya mana. Manomin Ungogo shi ya zuba ƙazantar a cikin ruwan? Mai lambu a Minjibir yana da masana'antar jima a Bompai? Matar da ta kasa alayyahu a bakin kasuwa ita ke riƙe da baitulmalin jiha? An bar jaki ana dukan taiki. Mu a wannan jarida jakin za mu nuna muku, sa'an nan mu gaya muku abin da ya kamata a yi, domin maganin abin yana nan, an san shi, waɗansu ƙasashe sun daɗe suna aiki da shi.

INDA RUWAN YA FITO

Jakara daga tsakiyar birnin Kano ta taso, daura da kasuwar Kurmi. Tun a 1824, da Baturen nan Kilafatan ya zo Kano, ya tarar da ita fadama ce da ta raba birni biyu, ana zuba mata sharar gari. Amma ƙazantar wancan zamani ta mutane kaɗan ce, ƙasa tana iya shanye ta. Yau kuwa miliyoyin mutane ke zaune a Kano da kewayenta, kuma mafi yawan unguwanni ba su da bututun da zai kwashe ruwan gida ya kai shi inda za a gyara shi. Ruwan wanka, da na wanki, da na wanke-wanke, da abin da ya tumbatso daga masai, da jini da tumbin mahauta, duk lambatu suke bi, lambatu kuwa Jakara take nufa. Daga nan ta bi ta Fagge da Kwakwaci da Gama, ta haɗu da rafin Getsi wanda ya ɗebo ruwan masana'antun Bompai, su gangara tare arewa maso gabas, har su zube a madatsar ruwa ta Wasai a ƙasar Minjibir, wadda aka gama a 1976 domin noman rani da kamun kifi.

Da damina ruwan sama yakan sirka shi. Da rani kuwa babu abin da ke gudana a cikin kwarin nan sai abin da birni ya zubar. Da shi ne dubban manoma ke ban ruwa, su noma salak da kabeji da karas da alayyahu da albasa da tumatir, su kawo 'Yankaba da Sabon Gari da Rimi, mu saya mu ci. Malaman Jami'ar Bayero da waɗansunsu sun sha auna ruwan nan da ƙasar da ganyen, sun sami dalma da sinadarin kuromiyam na jima da waɗansu ƙarafa masu guba, ban da ƙwayoyin cuta. Watau gubar da ta fita daga birni da safe, cikin kwando take komowa birni. Mai gida a Nasarawa da ke tsammani shi ya tsira, to, ya tambayi kukunsa inda aka sayo salak ɗin jiya.

TSOHUWAR AMANA

Kakanninmu sun fi waɗannan shugabanni hankali. Duk wanda ya tashi a ƙasar Ungogo ko Gezawa ko Dawakin Tofa ko Minjibir ya san yadda ake yi da. Da rani jakuna kan shiga birni da itace da kara da hatsi, su fito da mangala cike da toka da kashin dabbobi da sharar gida, a jibge a gona kafin damina. Saboda wannan taki ne gonakin da ke kewaye da Kano ake noma su kowace shekara ba hutu, mutane sun cika maƙil, gona tana jikin gona, amma ƙasa ba ta mutu ba. Har wani Bature malamin jami'a, Michael Mortimore, ya zo a shekarun 1960 ya yi ta bincike a kan yadda wannan ƙasa ke ciyar da jama'a mai yawa haka. Amsar ba ta da wuya. Ƙauye yana ciyar da birni, birni yana ciyar da ƙasar ƙauye. Amana ce, ba a rubuta ta a takarda ba, amma an riƙe ta shekaru aru-aru.

Wannan amana ce aka ci. Ƙauye bai fasa kawo abinci ba har gobe. Birni kuwa abin da yake mayar masa shi ne baƙin ruwa mai wari, wanda ke cinye fatar ƙafar mai ban ruwa, yake sa wa yara tsutsar ciki. Kuma abin takaici, dukiyar tana nan a cikin ruwan ba ta je ko'ina ba. Shi ya sa ganyen Jakara yake kore shar ba a sa masa takin zamani da yawa ba. Abu uku ne a cikin ruwan kwata: akwai ruwa, akwai taki, akwai makamashi. An cuɗe su da cuta da guba an miƙa wa talaka, alhali aikin hukuma shi ne ta raba su, ta ba shi masu amfanin, ta riƙe masu cutarwa.

Ku yi lissafi da kanku, ku da kuka saba da awo. A ce kowane mutum jarka ɗaya tak yake zubarwa a yini, lita 25, ku kuma kun san an fi haka. Mutum miliyan ɗaya sun zubar da lita miliyan 25 ke nan kullum, rani da damina, ba fashi. Kano kuwa ta ninka miliyan ɗaya sau da yawa. Wane rafi ne a arewacin Kano yake ba da ruwa haka a watan Afrilu? Ga kogi wanda ba ya ƙafewa, a ƙasar da mata ke sammako neman ruwa, an bar shi ya zama annoba.

DOKA TANA NAN, AN KULLE TA A AKWATI

Kada wani ya ce muku babu doka. A 1988, bayan da aka jibge wa mutanen Koko shara mai guba daga Italiya, gwamnatin tarayya ta kafa hukumar kare muhalli. A 1991 aka fito da doka wadda ta tilasta wa kowace masana'anta ta kafa na'urar gyara ruwanta kafin ta sake shi. A 2007 aka kafa NESREA domin ta tabbatar ana bin dokokin nan. Shekara fiye da talatin ke nan da dokar 1991. Ku je bakin Getsi ku dubi launin ruwan, ku gaya mana ko an bi ta. In talaka ya kasa kaya a inda aka hana, kafin azahar an kwashe masa tire an ci shi tara. Mai masana'anta kuwa ya shekara yana malalo guba a gonakin mutane, sai a kira shi taro a otel a ba shi lemo.

A mulkin Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, aka soma aikin rufe Jakara da siminti a cikin birni, a shimfiɗa titin Wuju-Wuju a kanta, aikin kuma ya yi shekaru a yashe. Ba ma ƙin titi. Amma rufe kwata ba ya wanke ruwanta. Ko an gama shi tsaf, abin da zai yi shi ne ya ɓoye ruwan daga idon mai mota, ruwan kuwa ya fito ta can ƙasa yadda ya shiga, ya nufi lambun talaka. Gwamnatoci sun zo sun wuce, na soja da na farar hula, na wannan jam'iyya da na waccan, amma ruwan da ke zuwa Wasai bai rabu da ƙazanta ba.

A 2021 kwalara ta kama mutum fiye da dubu ɗari a Nijeriya, ta kashe fiye da dubu uku, Kano kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Cutar nan ta hanyar bayan gida take shiga ruwa da abinci. Kowa ya san haka, har masu mulki. Sai annoba ta zo a fito da motoci da lasifika ana cewa a wanke hannu.

YADDA AKE TACE SHI

To, mene ne maganin? Kowace mace da ta taɓa tace gasara ta san tushen abin. Ana zuba ƙullu a ƙyalle, ruwa ya wuce, dusa ta tsaya. Masana sun ƙera wani irin tantani na roba, galibi kamar zare mai rami a ciki, jikinsa duk ƙofofi ne ƙanana ƙwarai, sai an jera ɗaruruwansu kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Ana haɗa dubban zaren nan a tsoma su cikin tankin ruwan ƙazanta, inji ya riƙa zuƙo ruwa ta jikinsu. Ruwa ya wuce garau. Laka, da ƙwan tsutsar ciki, da ƙwayar kwalara da ta taifot, duk sun fi ƙarfin ƙofar, sai su tsaya a baya. Ɗan abin da ya fi su ƙanƙanta ya sulale, sai a kashe shi da kulorin, irin wanda ake sa wa ruwan famfo.

Saura makamashi. Ƙazantar da aka tare, in an rufe ta a tanki inda iska ba ta shiga, akwai waɗansu ƙananan halittu, irin waɗanda ke cikin tumbin saniya, da za su cinye ta su fitar da iskar gas mai kamawa da wuta. Ana iya girki da ita, ana iya juya injin lantarki da ita. Abin da ya rage a gindin tanki a shanya shi ya zama taki. Waɗannan halittu zafi suke so. Turawa a ƙasashen sanyi sai sun kashe kuɗi sun ɗumama tankunansu. Mu kuwa Allah ya ba mu zafin kyauta. Akwai ma sabuwar dabara da ake ta gwadawa, ta haɗa tantanin da rufaffen tankin wuri guda, kuma masana sun ce ƙasashe masu zafi ta fi dacewa da su. Wani abin da zai faranta wa manomi rai shi ne, irin wannan tantani ba ya tare sinadarin taki da ya narke a ruwa, watau irin abin da kuke saye da tsada a buhun yuriya. Ruwan zai iso lambu da takinsa, ya baro cutarsa a baya.

Sai dai akwai abin da tilas mu faɗa muku. Abin da ya narke yana wucewa, mai amfani da mai cutarwa. Gishirin da ake zuba wa fata da gubar jima da ta narke, wannan tantani ba zai tare su ba. Akwai wani mai ƙofa mafi ƙanƙanta da ke tare har gishiri, amma yana shan wuta da yawa, kuma yana cire takin tare da gubar. Saboda haka kada a yarda ruwan Bompai ya haɗu da ruwan gidaje tun farko. Kowace masana'anta ta gyara nata a cikin shingenta, da kuɗinta, yadda dokar 1991 ta ce. Ba kuwa abin a zo a gani ba ne, domin kuromiyam ana iya kwantar da shi da farar ƙasa ko makamancinta, a kwashe a sake jima da shi. Wanda ya ci ribar fata shi zai biya kuɗin wanke ruwanta.

WAƊANSU SUN YI

Kada su ce muku wannan aikin Turawa ne kaɗai. Birnin Windhoek na ƙasar Namibiya, a nan Afirka, cikin ƙasa mai fari fiye da tamu, tun 1968 suke gyara ruwan ƙazantar gari su mayar da shi famfo. A 2002 suka buɗe sabon gidan ruwa mai aiki da tantanin nan, yana iya ba da lita miliyan 21 a yini. Ku tuna lissafinmu na ɗazu, bai kai abin da mutum miliyan ɗaya na Kano ke zubarwa ba. Singafo ta soma nata a 2003, kuma masana'antu ne suka fi sayen ruwan. A ƙasar Jodan akwai rafin Zarƙa, wanda ke ɗibar ruwan birnin Amman ya kai wata madatsa, manoma su yi ban ruwa da shi, kamar dai Jakara da Wasai. A 2008 suka buɗe gidan gyaran ruwa na As-Samra, wanda yake samar wa kansa kusan kashi 80 cikin ɗari na wutar da yake sha, daga gas ɗin ƙazanta da kuma ƙarfin gangarowar ruwan. Jodan ba ta da wani arzikin man fetur. Mu da muke da shi, me muka yi da kuɗinsa?

UZURORINSU

Za su ce babu kuɗi. Mun ji. Akwai kuɗin gadar sama, akwai na motocin 'yan majalisa, akwai na kujerun Makka da ake raba wa 'yan koren gwamnati. Sai an zo kan abin da ya shafi cikin talaka baitulmali yake bushewa. Kuma ai ana biyan kuɗin nan yanzu ma, illa dai talaka ke biya, a kemis, da gadon asibiti, da kwanakin da ya kwanta bai fita nema ba, da injin ban ruwa da yake ɗura wa mai tun da aka janye tallafi a 2023.

Za su ce ruwan najasa ne, ba ya halatta. Wannan ba maganar da za su ruɗe mu da ita ba ce. Malamanmu sun karantar da mu cewa ruwa da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ake yi masa hukunci. Majalisar manyan malaman Saudiyya ta duba wannan mas'ala a 1978, ta ce ruwan ƙazanta in an tace shi sarai har ya koma asalinsa, ya tsarkaka. Mu ma ba mu ce a sha ba, ban ruwa muka ce. Kuma mai wannan uzuri ina ya shiga shekara da shekaru ana zuba wa alayyahu ɗanyen ruwan masai bai ce uffan ba?

Za su ce na'urar tana lalacewa. Wannan kam gaskiya ne. Tantanin yana toshewa, sai ana wanke shi kullum, yana son wuta ba yankewa, yana son ma'aikata masu sani, bayan 'yan shekaru kuma sai an sake sabo. Mun san halin mutanenmu. Sai a ba ɗan'uwan wani kwangila, a yanka kirtani, a ɗauki hoto, bayan damina biyu akuyoyi su tare a ciki. Wannan dalili ne na sa ido, shi ya sa muka jera sharuɗɗanmu.

ABIN DA MUKE NEMA

Na ɗaya, a tilasta wa masana'antun Bompai da Sharada da Chalawa su bi doka. A riƙa auna ruwan da kowace ke saki, a karanta sakamakon a rediyo da Hausa, da sunanta.

Na biyu, a tare ruwan rani na Jakara kafin ya haɗu da Getsi, a soma da tafkunan kwantar da laka da rufaffun tankuna, waɗanda ba su da tsada, sa'an nan a ɗora tantanin a kai. A soma da ƙarami wanda za a iya riƙewa, in ya yi shekara yana aiki a ƙara. Motocin kwasar masai su ma a ba su wurin juyewa a nan, su daina neman kwari da dare.

Na uku, ruwan da aka tace, manoman da suke bakin kwarin yanzu su ne na farko a kansa. Ba za mu yarda a wanke shi a karkatar da shi gonakin manya ko lambunan shaƙatawa ba, a bar waɗanda suka sha wuyarsa yana baƙi. Masana'antar da ke so ta saya, da kuɗinta a riƙe gidan ruwan.

Na huɗu, duk wanda aka karɓi gonarsa domin ginin, a biya shi diyya ta gaskiya kafin a kafa turke, a kuma ba shi wata. Mun san yadda ake fakewa da dokar filaye ta 1978 a raba talaka da gadon ubansa.

Na biyar, gas ɗin ya fara juya injinan gidan ruwan. Takin kuwa a auna shi, in ba guba a sayar wa manoman Ungogo da Minjibir da Gezawa da arha, a ma'auni sananne, ba ta hannun ɗan siyasa ba.

Na shida, a buga kuɗin kwangila da sunan wanda aka ba, a sa wakilan 'yan lambu da na 'yan kasuwa cikin masu duba aikin, a kuma koya wa 'ya'yanmu na makarantun fasaha riƙe na'urar, kada kullum a zauna jiran wani daga waje.

KU 'YAN KASUWA

Maganar nan taku ce. Ran da aka yi shelar kada a sayi ganye, ku ne kayanku za su ruɓe a rumfa, ku ne mai bashi zai tsaya wa a kai. Kada ku bari a haɗa ku faɗa da manomi, domin wanda ya cuce shi shi ya cuce ku. Ku kai maganar nan taron ƙungiyarku. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a rumfa da majalisa da bakin lambu. Duk ɗan takarar da ya zo muku da atamfa da taliya, kansila ne ko mai neman gwamna, ku tambaye shi abu ɗaya a gaban jama'a: me za ka yi da ruwan Jakara, yaushe, da nawa? In ya soma kame-kame kun san ko shi wane ne.

Tun ranar 8 ga Agusta 1950, da aka kafa NEPU a Kano, iyayenmu suka koya mana cewa talaka ba ya samun haƙƙinsa sai ya tashi ya nema da bakinsa da ƙuri'arsa. Sun sha ɗauri da bulala, su Malam Aminu Kano ba su ja da baya ba har aka soke haraji da jangali a Kano a 1979. A lokacin ma an ce ba zai yiwu ba. Abin da muke nema yau bai kai wancan wuya ba. Birni ya karɓi hatsinmu da ganyenmu, to, ya mayar mana da ruwa mai tsabta da taki, kamar yadda kakanni suka yi. Ba roƙo muke yi ba, bashi ne muke bi.

Allah ya ba talaka sa'a, amin.